Suna Linzami: Yadda Muka Raɗa wa Zumar Baffa Suna a Intanet

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Tun ina ƙarami nake jin wannan karin magana a bakin manya, da na shigo jami'a kuma na sake gamuwa da ita a darasin al'ada, inda malaminmu ya ɗauki makonni yana warware mana rabe-raben sunayen Bahaushe, watau sunan yanka da laƙabi da sunan rana da na sana'a da na alkunya. Na rubuta jarrabawa a kan wannan fanni, na kuma ci. Amma ban san nauyin maganar ba sai ranar da na ga dattijo mai shekara 60 da ɗoriya ya kasa cin tuwon dare, saboda sunan mahaifinsa ya faɗa hannun mutumin da bai sani ba, a wata kasuwa da bai taɓa taka ta da ƙafarsa ba. Dattijon nan baffana ne, ƙanen mahaifina, kasuwar kuwa ita ce intanet. Abin da ya same mu tsakanin 1 ga watan Satumba 2021 da farkon 2023 shi nake so in bayar da labarinsa a nan, domin ina ganin akwai abin da ya shafi kowane mai sana'a a cikinsa, akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu masu nazarin harshen Hausa.

Zumar Baffa

Mu mutanen Rijiyar Zaki ne, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, a kan hanyar da ta fita daga Kabuga ta nufi Gwarzo. Wanda ya ratsa wurin yau, shaguna da gidajen bulo zai gani jere da juna. A zamanin ƙuruciyar Baffa kuwa gonaki ne manne da gonaki, gero da dawa da gyaɗa da wake, ba a barin ko taki ɗaya na ƙasa ya huta, jakuna suna shiga birni da itace suna dawowa da taki. A cikin gonakin nan akwai ɗorawa da tsamiya da kuka, kuma a kan rassansu kakana yake rataya amya. Shi ya koya wa Baffa yadda ake hawa da dare da wutar kara, a yi wa ƙudan zuma hayaƙi, a ɗebi saƙa a bar musu rabonsu, sa'an nan a dawo gida a tace. Da gari ya ci gonaki, sai Baffa ya koma sayo zuma daga ƙauyukan Bichi da Gwarzo, wajen mutanen da ya sani tun iyayensu suna da rai, yana tacewa a gida yana ɗurawa a kwalabe. Abin da ya gada daga kakana wanda bulo bai iya cinyewa ba shi ne suna, domin a duk kewayenmu an san zumar gidan nan ba a taɓa haɗa ta da sukari ba.

Sannu a hankali ciniki ya wuce unguwa. Malaman jami'a suka riƙa saye suna kai wa 'yan'uwa tsaraba, waɗanda aka kai wa kuma suka riƙa bugo waya daga Kaduna da Abuja da Legas, ana kai musu saƙo tasha a ba direba. A nan ne ni, da yake ni ne ɗan bokon gidan, na kawo shawara a buɗe wa sana'ar shafi a intanet, a kuma buga adireshinsa a jikin kowace kwalba. Baffa ya ce, "Abba, in dai ba zai jawo mana abin kunya ba, je ka yi." Abba ake kirana a gida, saboda sunan kakan nawa aka maya mini.

Na ɗauki Baffa muka tafi wani shagon kwamfuta. Saurayin da ke wurin ya tambaye mu sunan da za a sa, Baffa bai yi wata-wata ba ya faɗi cikakken sunan mahaifinsa, ya ce a haɗa shi da kalmar zuma. Saurayin ya ƙwanƙwasa na'ura, ya ce ba wanda ya riga mu, ya ƙara masa .com a ƙarshe, ya karɓi kuɗi, ya ce an gama. Ban tambaye shi da sunan wa ya yi rajista ba, ban tambayi tsawon lokacin da kuɗin nan ya biya ba, ban ma karɓi rasit ba. Muka wuce maɗaba'a muka ba da aikin sitika 3,000, kowace ɗaya da hoton amya da lambar waya da sabon adireshi. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Mene Ne Wannan Suna?

Kafin in ci gaba da labari, ya kamata in bayyana wa mai karatu abin da ni kaina ban sani ba a wancan lokaci. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar da ake gane ta da ita, amma lambobin nan suna da wuyar haddacewa ga ɗan Adam. Saboda haka a 1983 wani masani a Amurka mai suna Paul Mockapetris ya tsara hanyar da za a riƙa kiran na'urori da sunaye, ita ce ake taƙaita sunanta da DNS. Aikinta ya yi kama da na mai unguwa: baƙo ya zo ya ambaci suna, shi kuma ya nuna masa ƙofar gida. Wannan suna da ake ambata, wanda zan kira sunan mazauni, dabam yake da shafin kansa. Shafi shi ne ɗaki da kayan da ke cikinsa, sunan mazauni kuwa shi ne abin da aka rubuta a ƙofa, kuma kowanne da kuɗinsa.

Sunan mazauni yana da gaɓoɓi, ɗigo ne ke raba su, kuma daga dama ake fahimtarsa. Alal misali, a cikin buk.edu.ng, gaɓar ng tana nufin Nijeriya, edu tana nufin manyan makarantu, buk kuwa Jami'ar Bayero ce. Wannan tsari bai zama baƙo ga Bahaushe ba, domin mu ma mukan liƙa wa mutum sunan garinsu a bayan nasa, kamar Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Shehu Shagari. Inda aka rabu shi ne, a gari ɗaya ana iya samun masu suna ɗaya har goma, a rarrabe su da laƙabi, wannan Dogo wancan Gajere, kuma takwara abin girmamawa ne a wurinmu. Intanet ba ta san takwara ba. A ƙarƙashin gaɓar ƙarshe guda, suna ɗaya na mutum ɗaya ne a duk faɗin duniya, kuma wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Tun ranar 15 ga Maris 1985, da aka yi wa symbolics.com rajista a matsayin suna na farko mai .com, mutane suke ta ɗiba.

Akwai kuma masu iko da wannan kasuwa. Kowace gaɓar ƙarshe tana da hukumar da ke riƙe da babban kundinta, a ƙarƙashinta kuma akwai dillalai da aka amince musu su karɓi kuɗin jama'a su shigar da suna. A saman tsarin akwai ƙungiyar ICANN, wadda aka kafa a 1998. Saurayin shagon da muka je ba dillali ba ne, mai saye ne kamarmu, wanda ya san ƙofar dillali mu ba mu sani ba. Babban abin da ya ɓoyu gare mu kuwa shi ne, ba a sayar da sunan mazauni. Haya ake bayarwa, daga shekara 1 zuwa shekara 10 a wajen .com, kuma wanda sunansa da imel ɗinsa ke cikin kundi, shi ne ɗan haya a idon masu kundi, ko da kuɗin wani ya biya.

Ranar da Suna Ya Ɓata

Shekara ta zagayo ba mu sani ba. A ƙa'idar ICANN, dillali yakan aika wa ɗan haya tunatarwa kamar wata ɗaya kafin wa'adi, ya sake aikawa kamar mako ɗaya kafin ranar. Lalle an aika, amma imel ɗin saurayin nan aka aika wa, shi kuwa ya riga ya rufe shago ya bar gari, har lambar wayarsa ya canja. Idan wa'adin sunan .com ya cika ba a biya ba, akan ɗaga ƙafa har zuwa kwana 45, sa'an nan a ba da wasu kwana 30 da za a iya fansar sunan da kuɗi mai yawa, bayan haka a jira kwana 5 a sake shi ga duk mai so. Duk waɗannan kwanaki sun wuce muna barci. Masu saye sun riga sun saba da lambar waya, ba wanda ya ce mana shafi ya mutu. Ni kuma da aka janye dogon yajin aikin malaman jami'o'i a watan Oktoba 2022, na koma makaranta karatu ya sha mini kai.

A watan Janairu 2023 wata mata da ke sayen zumarmu daga Abuja ta bugo waya, muryarta a sanyaye. Ta ce ta ba wata maƙwabciyarta kwalba, maƙwabciyar ta buɗe adireshin da ke jiki, sai ga shafin caca, da hotunan da ba ta iya kwatantawa. Na buɗe da kaina na gani. Sunan kakana, wanda ya yi shekaru yana karantar da yara a zauren gidanmu, shi ne rubuce a saman allon waya, a ƙarƙashinsa kuma ana kiran mutane su zuba kuɗi. Akwai masu sana'ar tsaron sunayen da wa'adinsu ya ƙare, da an sake su sai su cafke, su juya su inda suke so, ko su tsuga musu kuɗi su jira mai shi ya zo yana roƙo.

Na daɗe a tsaye a bakin zaure kafin in iya shiga. Da na gama bayani Baffa ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu sunan Malam ne a bakin 'yan caca?"

Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Baffa. Laifina ne, ni ne ban tambaya ba."

Ya ce, "Ba mun biya ba? A gabana aka ƙirga kuɗin."

Na rasa yadda zan fahimtar da shi, sai na koma ga abin da ya sani. Na ce masa a harkar gona akwai gado, akwai saye, akwai jingina, akwai aro, akwai haya, mu mun ɗauka saye muka yi, ashe haya ce ta shekara guda, hayar ma da sunan wani aka rubuta ta. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ai gwamma gona. Ko an ƙwace ta ka san inda take, ka kuma san ƙofar da za ka je ka yi kuka." Sa'an nan ya tashi ya buɗe akwatinsa ya ɗauko takardar shaidar rajistar sunan kasuwanci da ya karɓa daga hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, watau CAC, ya miƙo mini, ya ce in kai musu su gani.

Wannan shi ya fi yi mini ciwo, domin dole na gaya masa takardar ba ta da iko a wancan wuri. Rajistar sunan kasuwanci kundi ne dabam, rajistar tambarin kaya kundi ne dabam, sunan mazauni kuma kundi na uku ne, kuma shiga ɗaya ba ya shigar da mutum sauran. Na bincika ko za a san wanda ya ɗauke sunan, na tarar an ɓoye, domin tun 2018, da dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki, yawancin dillalai suka daina nuna sunayen 'yan haya a fili. Akwai hanyar ƙara da ICANN ta shimfiɗa a 1999, amma an yi ta ne domin masu tambarin kaya da za su iya nuna cewa da mugun nufi aka ɗauki sunansu, kuɗin shigar da ƙarar kaɗai kuma ya haura dala 1,000. Jarin Baffa gaba ɗaya bai kai a yi wannan shari'a da shi ba. Zanen aro, aka ce, ba ya rufe katara.

Daren nan Baffa bai taɓa tuwo ba. Washegari ya sa aka dafa ruwa, aka tara yaran gida, aka yi kwana 3 ana kankare sitika daga jikin kwalaben da ba su fita ba. Ragowar da ke cikin kwali shi da kansa ya ƙone su a bayan gida. Waɗanda suka riga suka tafi Kaduna da Abuja da Legas kuwa, ba abin da za mu iya sai bin masu saye ɗaya bayan ɗaya a waya ana ba su haƙuri. Masu cewa ba a shan zuma sai an sha harbi ba su yi ƙarya ba, sai dai wannan harbi ba daga ƙuda ya fito ba.

Zanen Suna Na Biyu

Na ɗauka Baffa ya gama da intanet har abada. Bayan kamar wata guda sai ya kira ni ya ce, "Abba, wanda jaki ya kayar ba ya daina zuwa kasuwa. Amma wannan karon a zaure za a raɗa sunan, ba a shago ba." Aka zauna bayan sallar isha'i, da shi da ni da 'ya'yansa biyu manya, matarsa kuma, wadda muke kira Inna, tana daga bakin ƙofar cikin gida tana ji. Abubuwa biyar muka tsayar a daren nan, kuma zan kawo su bi da bi.

Na farko daga Inna ya fito. Ta ce tun da aka buga wancan suna ba ta taɓa furta shi ba, in mai saye ya bugo ya nemi adireshi sai ta miƙa wa yaro wayar. Muka dubi juna, domin ba wanda ya taɓa lura. Yaya za ta ambaci sunan surukinta? Ga shi ita ce ke amsa rabin wayoyin da ke shigowa. Ni da na ci jarrabawa a kan sunayen alkunya, ban ga alkunya ba a cikin gidanmu. Nan take Baffa ya yanke cewa ba za a ƙara sa sunan mutum ba, mai rai ko mamaci, domin abin da ake haya yana iya suɓucewa, kuma bai kamata a ɗora mutuncin iyaye a kan abin da ke iya suɓucewa ba.

Na biyu shi ne batun haruffa, kuma nan ne karatuna ya yi amfani. Sunan mazauni na yau da kullum haruffan Ingilishi 26 yake karɓa, da lambobi, da karan ɗori, kuma kada gaɓa ɗaya ta wuce harafi 63. Ba ya karɓar fili tsakanin kalmomi, ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su tun daga 1939, ba su cikin wannan lissafi. Gaskiya ne tun 2003 an fito da dabarar shigar da haruffan wasu harsuna, har a 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami gaɓoɓin ƙarshe da rubutun Larabci. Amma kowace hukumar kundi ita ke zaɓen haruffan da za ta karɓa, kuma ko an karɓa, mai saye da wayarsa ba ta da ƙ ba zai iya isowa ƙofarka ba. Saboda haka dole ne mu karanta kowane suna yadda zai fito bayan an yanke masa lanƙwasa an kuma toshe filayensa. Ɗan Baffa ya kawo "zumar ƙasarmu", na rubuta masa zumarkasarmu a takarda, ya karanta ya ga ta koma zumar macijiya. Aka kawo "zuma ta gari", muka ga ba abin da zai hana mai karatu ya ja wasalin ya ɗauka gari muke zuba mata, abin da ko maƙiyi bai taɓa zarginmu da shi ba. Aka yi dariya, dariyar farko a zauren nan tun ranar da aka bugo daga Abuja.

Na uku shi ne suna ya zauna a baki. Muka gwada kalmomin da Bahaushe ya saba rubutawa a allon shago da jikin mota, irin su albarka da alheri da nasara, muka tarar an riga mu a .com. Dillali ya riƙa ba mu shawarar mu ƙara lambobi ko karan ɗori, Baffa ya ƙi, ya ce sunan da sai an tsaya ana bayaninsa ba suna ba ne. Muka koma ga sunan unguwarmu, sai ga wani abin mamaki. Da zarar an cire lanƙwasa, zaki da zaƙi sun zama kalma ɗaya a rubuce. Wanda ya karanta zaki ya tuna da unguwa da kuma manyan dawa, wanda ya karanta zaƙi ya tuna da abin da ke cikin kwalba. Rashin da ya ɓata mana sunaye biyu, shi ya gyara mana na uku. Muka haɗa kalmar zuma da wani yanki na sunan unguwa, sa'an nan muka gwada shi: na buga wa wani abokina Bayarabe a Legas waya na faɗa masa sau ɗaya, na ce ya rubuto abin da ya ji, ya rubuto daidai. Inna ta faɗe shi sau uku ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ba zan kawo shi a nan ba, don kada a ce na mai da mujallar sashe allon talla.

Na huɗu shi ne gaɓar ƙarshe. Muka zaɓi .com.ng. An ware wa Nijeriya gaɓar .ng tun 1995, ko da yake a shekarun farko daga ƙasashen waje ake kula da na'urorinta. A 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA domin ta riƙe kundin, kuma a 2009 aka damƙa mata shi a hukumance. Dalilanmu biyu ne. Ɗaya, duk masu sayen zumarmu a Nijeriya suke, kuma gaɓar tana gaya musu cewa mai kayan na gida ne. Ɗaya kuma, dillalan da NiRA ta amince da su suna cikin ƙasa, da naira ake biyansu, alhali farashin .com a kan dala aka gina shi. Amfanin wannan ya fito fili bayan 'yan watanni, lokacin da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023, duk abin da ke rataye da dala ya yi tashin gwauron zabo. Sai dai na gargaɗi yaran gida su riƙa lura da harafin ƙarshe, domin .ne ta Jamhuriyar Nijar ce, harafi ɗaya ke tsakanin Kano da Yamai.

Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne sunan wa zai shiga kundi. Wannan karon ba mu aiki kowa ba. Muka buɗe wa sana'ar imel nata na kanta, muka shiga wajen dillali kai tsaye, aka rubuta sunan Baffa da lambar wayarsa a matsayin mai riƙe da suna, ni kuma aka sa ni a matsayin mai kula. Muka biya na shekara 2, muka buga rasit a takarda. Kalmar sirri Baffa ya sa na rubuta ta a bangon littafin da yake rubuta bashi, aka ajiye a akwati tare da takardar CAC. Saura abu ɗaya, watau yadda za a tuna da wa'adi. Baffa da watannin Musulunci yake lissafi, waɗanda ke matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, masu kundi kuwa da kalandar bature suke ƙirga. Ya yi tunani kaɗan ya ce, "Wane wata muke ciki na turawa?" Na ce Maris ya kama. Ya ce, "To, ɗorawa tana fure ke nan. Ita ba ta saɓa lokaci." Akwai ɗorawa guda da ta rage a gefen filin da ya saura na gonar kakana, ita muka mayar kalanda.

Kammalawa

Abin da na koya daga wannan al'amari kashi biyu ne. Kashi na farko na masu sana'a ne: sunan da ka raɗa wa kasuwancinka a intanet haya ne, yana zama naka ne muddin sunanka ke cikin kundi, tunatarwa tana iso maka, kana kuma biya a kan kari. Duk wanda zai aiki wani ya yi masa rajista, to, ya tambaye shi abu uku kafin ya miƙa kuɗi: da sunan wa, zuwa yaushe, kuma wane imel za a aika wa saƙo.

Kashi na biyu namu ne. Magabatanmu a wannan fanni sun sha wahala kafin rubutun Hausa ya daidaita, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 har zuwa taron Yamai na 1980, kuma malamanmu suna ba mu labarin yadda ake bin kundin digiri da biro ana yi wa haruffa lanƙwasa bayan tafireta ta gama bugawa. Yau ga wani sabon allo ya zo, wanda dubban 'yan kasuwarmu ke rubuta sunayensu a kansa, ba lanƙwasa ba fili ba karin sauti, kuma yawancinsu a shagon kwamfuta ake yanke musu hukunci cikin minti biyu. Ina ganin ya kamata wani daga cikinmu ya ɗauki wannan a matsayin batun kundinsa, ya tattara sunayen mazauni na Hausa, ya duba yadda ake ƙera su da inda ma'ana ke karkacewa. Ya kamata kuma masana harshe su riƙa kai bakinsu wajen masu riƙe da kundin .ng a kan matsayin haruffanmu, domin in mai harshe bai nema ba, ba wanda zai nema masa.

Tsohon sunan har yanzu bai dawo hannunmu ba. Nakan leƙa shi jefi-jefi, ban kuwa gaya wa Baffa abin da na gani, shi ma bai tambaya. A farkon 2025, ina makaranta ana shirin jarrabawa, sai ga wayarsa da sassafe. Bayan mun gaisa ya ce, "Abba, ɗorawa ta fara fure. In ka sami sarari ka zo mu biya wa suna haya."